"Mai 200" nawa yake riƙewa? Lissafin batirin sola kafin a fitar da kuɗi

Duk wanda ya shiga shagon kayan sola, tambayarsa ta farko ita ce, "Nawa ne mai 200?" A yi ciniki, a ɗora a adaidaita sahu, a kai gida. Bayan mako biyu sai ka ji maigida yana ƙorafi cewa fanka tana tsayawa ƙarfe uku na dare, daidai lokacin da zafi da sauro suka haɗa kai. Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, lissafi ne ba a yi ba tun a shago.

Dalilin wannan rububi ba ɓoyayye ba ne. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai a Najeriya, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na wuta ga 'yan rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225. A Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Mutanen Nijar sun riga mu ɗanɗana wannan a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse musu layin da ke ba su kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu.

Mu fara da abin da ke rubuce a kwali. Lambar 200Ah ita kaɗai ba ta faɗin yawan wuta sai an ninka ta da ƙarfin batirin. Batir mai 12V da 200Ah yana ɗauke da 2,400Wh, wato 2.4kWh. Wannan kWh ɗin shi ne yunit ɗin da muke saya a mitar kati, don haka mu riƙa kiransa yunit. Batirin litiyam da ake ratayawa a bango, wanda aka rubuta masa 51.2V da 100Ah, yana ɗauke da yunit 5.12. Ka ga "mai 100" ya ninka "mai 200" har da ɗoriya. Wanda ya tsaya kan Ah kaɗai ya yi kamar mai sayen hatsi da ya tambayi yawan kwano bai duba girman kwanon ba.

Ko yunit 2.4 ɗin ma ba duka ne naka ba. Batir mai ruwa, wanda aka fi sani da tubula, dalma ce da asid a cikinsa, kuma ba ya son a kwashe shi har ƙasa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a tsaya a rabi. Saura yunit 1.2 ke nan. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 yana jure a sha kashi 80 zuwa 90 cikin 100, don haka daga 5.12 za a iya samun wajen 4.6. Akwai kuma wata ƙaramar lamba da ake yi wa kallon ado, C10 ko C20. Idan an rubuta C20, ana nufin za ka sami cikakken 200Ah ne kawai idan ka ja wutar a hankali cikin awa 20, kimanin wat 120 ke nan. Da zarar ka ɗora masa kaya fiye da haka, abin da zai bayar yana raguwa. Shi ya sa tubula mai 200Ah a C10 ya fi mai 200Ah a C20, ko da kwalinsu iri ɗaya ne.

Yanzu mu shiga gida mu ƙirga dare ɗaya. A ɗauka akwai fankar sama guda biyu, kowacce wat 70, na awa 10: 1,400Wh. Ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa 5: 300Wh. Talabijin da dikoda, wat 100 na awa 4: 400Wh. Firji yana kunna kansa yana kashewa, mu ba shi 720Wh daga magariba zuwa safiya. Cajin wayoyin gida, 100Wh. Jimla 2,920Wh. Inbata kuma ba kyauta take aiki ba. Wajen juya wutar batir zuwa wutar gida kusan kashi 10 cikin 100 na salwanta, sannan ita kanta tana cin wat 30 zuwa 50 ko babu abin da aka kunna. Idan an haɗa, wannan gida yana buƙatar wajen yunit 3.7 kafin rana ta fito.

To, a raba 3.7 da 1.2. Tubula uku ma ba su kai ba, kuma tunda ana jera su bibbiyu ko hurhuɗu don a sami 24V ko 48V, huɗu za a saya. Litiyam mai yunit 5.12 guda ɗaya ya wadatar har da 'yar rara. Shi kuwa maigidan da ya sayi tubula ɗaya tak, fankokinsa biyu kaɗai sun isa su shanye rabonsa cikin abin da bai kai awa 8 ba. Inbata za ta ci gaba da tatsar batirin har ta yi ƙara ta mutu, kuma kowane dare irin wannan yana rage masa kwana.

Wani abin lura a cikin wannan lissafi: fanka ce ta cinye kusan rabin kayan. Fankar zamani mai cin wat 30 za ta rage 800Wh a dare, kashi biyu cikin uku na abin da tubula guda yake bayarwa. Canja fanka biyu ya fi ƙara batir sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Esi kuwa wata duniya ce daban. Mai ƙarfin doki ɗaya yana jan wat 750 zuwa 900, kuma a daren bazara shi kaɗai zai iya cin abin da ya fi na sauran kayan gidan gaba ɗaya. Dutsen guga da hita a bar su sai da rana, lokacin da farantin sola ke kawo wuta.

Inda maganar kuɗi take a zahiri shi ne tsawon rai. Ana auna shi da zagaye, wato caji ɗaya da sauke ɗaya, kusan kwana guda a gidan da ke dogaro da sola. Masu ƙera tubula sukan ambaci zagaye 1,200 zuwa 1,500 idan ana tsayawa a rabi. Na LiFePO4 sukan ambaci 3,000 zuwa 6,000. Mu ɗauki 1,500 da 4,000. Tubula huɗu, yunit 4.8 sau 1,500, za su ba da yunit 7,200 cikin shekara huɗu da 'yan kai. Litiyam ɗaya, 4.6 sau 4,000, zai ba da 18,400 cikin kusan shekara goma sha ɗaya. Farashi yana bin dala, yau da gobe ba ɗaya ba, don haka ga ma'aunin da ba ya tsufa: kowace naira miliyan ɗaya da ka kashe, a tubula tana nufin naira 139 kan kowane yunit, a litiyam naira 54. Ko da litiyam ya ninka tubulan nan guda huɗu a kuɗi, ya tashi 108, har yanzu shi ne mai rahusa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Kuma waɗannan alƙaluma na ɗakin gwaji ne mai zafin digiri 25. Ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwar batirin dalma gida biyu. Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura digiri 40 a watan Afrilu, ga shi mun fi son ajiye batir a sito mai rufin kwano marar taga. A irin wannan ɗaki shekara huɗu na iya komawa biyu, naira 139 ta zama 278. Litiyam ma zafi na cin sa, sai dai ba da wannan saurin ba. Tubula kuma yana buƙatar a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na leda.

Batir randa ce, sai an zuba mata. Farantin sola mai wat 550 yana ba da kimanin yunit 2 a rana idan an cire asarar zafi da ƙura da waya. Tubula yana mayar da wajen kashi 80 cikin 100 na abin da aka zuba masa, litiyam wajen 95, don haka cike gurbin yunit 3.7 yana buƙatar 4.6 a na farko, 3.9 a na biyu, ban da abin da gida ke ci da rana. Faranti biyu ba za su isa ba, musamman cikin hazon hunturu da gajimaren Agusta. Tubulan da ba ya cika kullum yana taurin ciki ya mutu da wuri, shi kuwa litiyam bai damu da zama rabi ba.

A duniya farashin litiyam sauka yake yi. Kamfanin bincike na BloombergNEF ya ƙiyasta matsakaicin farashinsa a dala 115 kan kowane yunit a 2024, ragin kashi 20 cikin 100 a shekara guda. Sai dai shaharar tasa ta jawo algus: tsofaffin ƙwayoyi a sabon akwati, da lambobin da suka fi abin da ke ciki. Litiyam mai yunit 5 na gaske yana kai kilo 40 zuwa 50, wanda ka ɗaga da hannu ɗaya akwai magana. A cikinsa akwai na'urar tsaro da ake kira BMS, a tabbatar ta dace da inbatar gida.

Ra'ayina shi ne, wanda zai sha fiye da yunit 3 kowane dare ya daure ya sayi LiFePO4. Tubula ya dace da mai ƙwan fitila da fanka ɗaya, ko wanda kuɗin da ke hannunsa yau shi ne iyakarsa, in dai zai tsaya a rabi kuma ya sama masa ɗaki mai iska. Kowanne ka zaɓa, mai karatu, ka karɓi garanti a rubuce, sannan a makon farko ka cika batirin, ka ɗora masa kayan wat 500, ka duba agogo. Litiyam mai yunit 5.12 ya kamata ya kai wajen awa 8. In ya mutu a awa 5, mayar da shi shago tun rasit bai koɗe ba.