Tsofaffi da Zafin Bazara a Kudancin Kano

Bazara, wato tsakanin Maris da Mayu kafin saukar damina, ita ce lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma tsofaffi ne suka fi jin jiki, domin ƙishirwa ba ta faɗakar da su da wuri, har ruwan jiki ya ƙare, jiri da ruɗewa su biyo baya. Haɗarin ya fi tsananta ga masu shan maganin hawan jini mai ƙara fitsari, da mazauna ɗakin kwano, wanda ba ya riƙe sanyi kamar soron ƙasa.

Kulawar yini a wannan yanki aikin iyali ne, sai dai a daidai lokacin ne magidanta ke fita sharar gona ko noman rani a kewayen madatsar Tiga, a bar dattijo da jikoki ƙanana. Ya kamata a wakilta babba guda da zai riƙa miƙa masa ruwan randa ko kunu ba sai ya nema ba, ya mayar da shimfiɗarsa inuwa, kuma ya garzaya da shi asibiti idan zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, alamar sanƙarau.