Garkar cikin gida: Yadda daɗɗoya da zogale ke rufa wa tukunyar miya asiri a Batsari da Safana

A gidajen Darini da sauran ƙauyukan ƙananan hukumomin Batsari da Safana, akan samu wani ɗan lungu da baƙo ba ya lura da shi sai ƙamshi ya ja hankalinsa. Yawanci yana kusa da gindin randa ko inda ake alwala. A nan za a ga tushen daɗɗoya biyu ko uku, barkono a tsohon bokiti, lawashin albasa a fasasshiyar tukunya, sai bishiyar zogale a jikin katanga.

Garka ake kiran irin wannan wuri, kuma tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. A da ba a ɗauke ta bakin komai ba. Gandu ne noma, gayauna ce neman kuɗi, garka kuwa wurin tsinko ganye ce idan cefane ya gaza.

Shekarun rashin tsaro da tsadar abinci sun sauya wannan lissafi. Ga matar da mai gidanta ba ya iya zuwa gonar jeji, kuma kuɗin cefane ba ya kai wa ƙarshen mako, taku biyar daga murhu zuwa gindin zogale shi ne tazarar da ke tsakanin miya mai ganye da tsurar ruwan daddawa.

Lokacin da gona ta yi nisa

Batsari da Safana na gefen Dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin Jihar Zamfara. Yankin ya daɗe yana fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. A watan Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a harin da aka kai ƙauyukan Tsauwa da Dankar da ke Batsari, watanni kaɗan bayan sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi da 'yan bindigar a 2019.

A 2021 gwamnatin jihar ta hana sayar da dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na Batsari da Safana, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na tsawon watanni. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, kuma a 2025 al'ummomi da dama na yankin sun sake zaman sulhu da masu ɗauke da makamai.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda wannan hali ya taɓa tukunyar miya. Yawancin ganyen da ake ci a karkara ba saye ake yi ba. Mata da yara ne ke tsinko tafasa da lalo da gasaya a bakin gona da damina, su ɗebo kuka, su roro yakuwa da rama a tsakanin kunyoyin gero. Ranar da fita jeji ta zama kasada, wannan kyauta ta Allah ta yanke.

Sai kuma tsada ta zo ta ƙara. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, kayan miya suka bi shi. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100.

Kowane ganye da lokacinsa

Kuskuren farko da sabon mai garka kan yi shi ne shuka komai a lokaci ɗaya. Shekarar wannan yanki kashi-kashi ce, kuma kowane tsiro da yanayin da yake so.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ake shuka yakuwa da rama da alayyafo da kuɓewa da barkono. Lokacin ne kuma ya fi dacewa a kafa zogale, don saiwarsa ta kama ƙasa kafin ruwa ya ɗauke.

Hunturu lokacin lansir ne da albasa da tafarnuwa. Lansir shi ne mafi saurin biyan mai shi: yakan tsiro cikin kwana biyu zuwa uku, a fara yankarsa kafin mako uku. Amma da zarar zafi ya shigo sai ya yi saurin fure, ganyen ya ƙanƙance. Tafarnuwa kuwa tana son haƙuri, domin takan ɗauki wata huɗu ko fiye kafin ta ƙosa.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ita ce jarrabawa. Zafi kan kai digiri 40, ƙasar cikin bokiti ta bushe kafin azahar. Aikin mai garka a wannan lokaci shi ne ya raya abin da yake da shi kawai. A matsar da tukwane inuwar katanga ko ƙarƙashin rumfa, inda za su samu hantsi amma su kauce wa ranar tsaka.

Daɗɗoya ba ta da wahalar sha'ani. Irinta ƙanana ne ƙwarai, don haka yayyafa shi ake yi a saman ƙasa a ɗan danna da tafin hannu. Idan aka binne shi da zurfi ba ya fitowa. Hanya mafi sauƙi ma ita ce a karɓo reshe daga maƙwabciya, a zage ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fid da saiwa, sai a dasa.

Na'ana'a kuwa halinta daban. Tana son inuwa da danshi, kuma tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa har ta shaƙe na kusa da ita. Shi ya sa ake ware mata mazubinta ita kaɗai.

Albasa mai lawashi ba ta buƙatar sayen iri. Idan aka yanka ganyen za a yi miya, sai a bar gindin mai saiwa kamar tsawon gaɓar yatsa a soka a ƙasa. Cikin 'yan kwanaki sabon toho zai fito.

Buhu ma gona ne

Ba kowane gida ke da fili ba, musamman iyalan da suka baro ƙauyukansu suka raɓe a ɗaki ɗaya a garin Batsari ko Dutsin-Ma ko cikin Katsina. A nan tsohon buhu da fasasshiyar jarka da tsohuwar roba ke da rana.

Sharaɗi na farko shi ne a huda ƙasan mazubin. Tsiron cikin bokiti ya fi mutuwa saboda ruwa ya kwanta a gindinsa fiye da saboda ƙishirwa, domin saiwa na ruɓewa idan ba ta shan iska.

Sai haɗin ƙasa. Yawancin ƙasar yankin jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, don haka ana cakuɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na takin gida. Inda ƙasar ta zama laka mai danƙo, sai a ƙara yashi. Takin awaki ko na tumaki da ya kwana biyu ya ruɓe har ya koma kamar baƙar ƙasa shi ne mafi kyau. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yakan ƙone tsiro.

Buhu ɗaya a tsaye na iya ɗaukar tsiro da yawa idan aka tsattsaga jikinsa aka dasa a kowace kafa, aka kuma jera tsakuwa a tsakiya daga ƙasa zuwa sama don ruwa ya ratsa. Da irin wannan dabara dubban iyalai a unguwar talakawa ta Kibera da ke Nairobi suka riƙa noma ganye a ƙofar ɗakunansu bayan rikicin zaɓen Kenya na 2007, lokacin da abinci ya yi tsada.

Wani amfanin buhu da bokiti a yanki irin wannan shi ne ana iya ɗaukarsu. Idan zama ya gagara, tushen daɗɗoya a roba na iya bin mai shi a bayan amalanke.

Ruwa: babban ƙalubale

A ƙauyen da ake bin layi a rijiya ko famfon tuƙa-tuƙa, ba wanda zai yarda a zuba wa ganye ruwan sha. Saboda haka garkar da ke ɗorewa ita ce wadda ke rayuwa da ruwan da aka riga aka yi amfani da shi.

Ruwan alwala shi ne kan gaba. Sau biyar a rana ake zubar da shi, kuma ba sabulu a cikinsa. Gidan mutum goma da ya daidaita kwatar wurin alwala ta gangara gindin daɗɗoya da zogale ya gama da ban ruwa. Ruwan wankin shinkafa da na surfe da na wankin kayan miya duk suna yi.

Ruwan wanki mai garin sabulu ko bilic ne abin gudu. Gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa, bakin ganye ya fara ƙonewa, daga baya tsiron ya tsaya. Ruwan makewayi kuma bai kamata ya kusanci ganyen da ake ci ɗanye ba, irin lansir, saboda cututtukan ciki.

Da sassafe ko bayan la'asar ake ban ruwa, a gindi ba a kan ganye ba. Idan aka rufe saman ƙasa da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, danshi ya fi daɗewa. Sai dai a riƙa ɗaga shi ana dubawa saboda gara.

Akwai kuma tsohuwar dabarar binne ƙaramin tulu marar fenti har wuya a tsakiyar shuka, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Ruwan na tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, daidai inda saiwa take, ba ya tafiya a iska.

Akuya ta fi tsutsa ɓarna

Duk wadda ta taɓa raya zogale a tsakar gida ta san babbar abokiyar gabarta ita ce akuyar gidan. Aikin wata uku na iya ƙarewa cikin minti biyar. Kaji kuma su tone iri tun bai tsiro ba.

Don haka shinge ake fara yi kafin shuka. Darnin kara ko ƙaya ko tsohuwar zana sun isa. Ƙananan tukwane kuma a ɗora su kan katanga ko benci.

Maganin ƙwari na cikin gida. Idan aka daka ganyen bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya, aka jiƙa ya kwana aka tace, ana yayyafa ruwan da yamma don rage tsutsa da ƙananan ƙwarin da ke manne a bayan ganye. Barbaɗa toka kaɗan ma na taimakawa.

Abin da malaman gona ke yawan gargaɗi a kai shi ne fesa maganin wake ko na auduga a kan ganyen miya. Ganyen garka yau ake tsinka yau a ci, babu ratar kwanakin da dafin zai fita.

Tsinka ma iyawa ce

Daɗɗoya da na'ana'a na ƙara yawa ne idan ana tsinke musu kai. Duk inda aka yanke, rassa biyu ke fitowa. Idan fure ya fara leƙowa a cire shi, domin tsiron da ya kama yin iri yakan rage ganye. Tushe ɗaya kawai ake bari ya ƙosa don irin baɗi.

Zogale ma haka. Idan aka ƙyale shi zai miƙe sama ya bar hannu. Idan aka sare kansa daidai ƙugu ko ƙirjin mutum sai ya yi rassa, ganye ya wadata inda mace za ta iya kai wa ba tare da ƙota ba.

Rarar damina kuma shanyawa ake yi, amma a inuwa. Rana tana cinye launin ganye da ƙamshinsa da wani ɓangare na amfaninsa. A baza a kan tsaftatacciyar tabarma a ɗaki mai iska, idan ya bushe ƙayau a zuba a gwangwani mai murfi. Shi ne miyar bazara.

Inda ƙarfin garka ya tsaya

A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu sanadiyyar tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Wannan adadi na nuna girman abin da iyaye mata ke fuskanta.

Ganyen zogale na ɗauke da sinadarin ƙarin jini da bitamin A da na gina jiki. Kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli, ko garinsa a cikin kunu da fate da dambu, na ƙara wa abincin yaro daraja. Amma yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya daina cin abinci, asibiti yake buƙata cikin gaggawa. Ganye ba ya maye gurbin magani.

Haka nan garka ba ta cika rumbu. Ba ta ba da gero ko dawa ko rogon da aka san Batsari da shi. Wannan sai manomi ya koma gonarsa hankali kwance, kuma wannan nauyi ne da ke kan hukuma.

Abin da garka ke yi ƙarami ne, amma kullum ne. Tana rage kuɗin cefane, tana sa wa farfesun mai jego ƙamshi, tana ba mace abin da za ta aika wa maƙwabciya ko ta ƙulla yara su kai bakin kasuwa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Farawa kuma ba ya cin ko sisi: tsohon bokiti, taki daga turken awaki, da reshen daɗɗoya ɗaya daga gidan maƙwabta.