Darasi a Bakin Teku

Ranar da na kai yarana filin wasa a bakin tekun Legas, autarsu ta bar lilo, ta kurɓi ruwan, nan take ta tofar. Ba mamaki, kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Kafin ƙoda ta fitar da shi, sai ta zubar da ruwan da ya fi wanda aka sha.

Amma babban haɗarin yana wani wuri. Ruwan da igiya ta turo gaɓa yakan koma ta siririyar hanya, da ƙarfin da zai ja babba, balle yaro. Wanda ya faɗa ciki kada ya ja da shi, ya yi iyo gefe, daura da gaɓa. Malamai da iyaye, a riƙe hannun yara.