Direba, Takunkumi Ba Na Haɓa Ba Ne

Na gaji da jin wata magana da ta zama ruwan dare a tashoshin mota lokacin korona: wai takunkumin fuska yana toshe numfashi, yana mayar wa mutum gurɓatacciyar iskar da ya fitar, har jiri ya ɗebi direba a kan sitiyari. A lokacin, da wannan hujja direban bas da ɗan adaidaita sahu suke sauke shi haɓa, ba ya hawa hanci sai an hango shingen jami'an tsaro.

Korona dai an san ta, tana bin tari da atishawa da magana. Ta ɓulla a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, ta iso Kano a watan Afrilu, kuma a Janairun 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta rufe fuska a wuraren taruwar jama'a, har da motocin haya.

To, mu koma kan batun toshe numfashi. Iskar oksijin da muke shaƙa da wadda muke fitarwa sun fi ƙofofin yadi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wucewa suke yi abinsu. Abin da takunkumi yake tarewa shi ne feshin yawu da majina, wanda ƙwayar cutar take hawa. Likitan tiyata yakan shafe sa'o'i a tsaye fuskarsa a rufe, da wuƙa a hannu, da ran mutum a gabansa. Wa ya taɓa jin ya faɗi don takunkumi? Buzaye sun gaji naɗa rawani har hanci tun kaka da kakanni, a zafin Agadas. Kai kanka, malam direba, idan hunturu ya kankama wa yake roƙonka ka rufe hanci saboda ƙura? Ashe sai da aka ce cuta ce numfashinka ya fara sarƙewa? Zafi da gumi gaskiya ne, suna takurawa, amma takura daban, illa daban. Jirin da kake ji ka nemo shi a rashin barci, da yunwa, da hayaƙin salansa, da ƙwayoyin hana gajiya.

Kuma kai ka fi kowa buƙatar kariya. Fasinja zai sauka bayan ɗan lokaci, kai kuwa tun asuba kake shaƙar numfashin duk wanda ya hau. Yaron motarka yana ta ƙwala kiran "Bata! Sabon Gari!" a fuskar mutane, alhali mai cutar yakan yaɗa ta tun bai ji alamar komai ba. Da dare ka koma gida wurin gyatuma mai hawan jini ko ciwon suga. "Allah ne ke karewa" gaskiya ce, amma tawakkali bai hana riƙo da sababi ba.

Ga abin yi. Takunkumi ya rufe hanci da baki har ƙasan haɓa. Ka fito da biyu ko uku, wanda ya jiƙe da gumi ka canza shi. Na yadi a wanke shi da sabulu kullum, a shanya a rana. Na asibiti ba a wankewa, yar da shi ake yi. Kada ka sayi wanda wani ya gwada a bakin titi, kada ka ari na abokin aiki. Wurin cirewa ka kama igiyar kunne, ban da taɓa gabansa. Ka sauke gilasai iska ta ratsa, ka rage cusa lodi, ka wanke hannu bayan karɓar kuɗi da ba da canji. Idan zazzaɓi da tari suka kama ka, ajiye mota ka je a gwada ka.

Mai mota ya ɗaga wa direbansa ƙafa kan balas ranar da ba shi da lafiya, don tsoron balas ke fito da mai tari kan titi. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW kuma, da suke iya hana mota lodi saboda kuɗin tikiti, su hana ta lodi idan direba da yaronsa ba su rufe hanci ba.