Daga Anu Araren Zuwa Jami'o'in Waje: Baƙuntar Ɗan Balaraben Sahara

Watan Satumba wata ne na hada-hada a jihar Agadas. Makiyaya, Buzaye da Fulani da Larabawa, sukan hallara a Ingal domin bikin shekara-shekara na shayar da dabbobi ruwan gishiri, wanda Faransawa suka raɗa wa suna Cure Salée, kuma duk mai sayar da ganyen shayi da sukari da yadi da takalma ya san lokacin ciniki ne. To amma a tashar motar Agadas akwai wata hada-hadar da ba a yi mata kiɗa. Daga wannan watan zuwa Oktoba ne yaran da suka ci jarrabawar bak suke ɗaure kayansu zuwa jami'a. Mata masu sayar da abinci a tasha sun san su sarai: saurayi da sabon rawani da sabuwar jaka, a hannu ga ledar cuku da dabino, can gefe kuma mahaifiyarsa a tsaye cikin laffaya, ba ta cewa uffan sai motsa baki da addu'a.

Da yawa daga mutanenmu na kudu in aka ce Balarabe sai hankalinsu ya tafi Makka ko Masar, sun manta Nijar tana da Larabawanta 'yan ƙasa. Akwai na Azawak, wajen Tasara da Cintabaradan a jihar Tawa, waɗanda Larabcinsu ɗan uwan na Muritaniya ne. Akwai waɗanda suka daɗe a Ingal da birnin Agadas suna kiwo da fatauci. Akwai Aulad Sulaiman na wajen Taskar da Ngurti, waɗanda kakanninsu suka baro Fezzan ta Libiya a ƙarni na 19, sannan ga Mahamid na jihar Difa da suka shigo daga Cadi. Daga cikin Aulad Sulaiman ɗin ne Mohamed Bazoum ya fito, shugaban ƙasar da sojoji suka kifar ranar 26 ga Yulin 2023. Shi kansa ɗalibin waje ne a zamaninsa, domin bayan ya gama sakandare a Damagaram a 1979, Dakar ta Senegal ya tafi ya karanta falsafa har 1984.

Me ya kawo Anu Araren cikin wannan magana? Wurin yana kimanin kilomita 75 daga Agadas, dab da garin Cirozerin, a ƙasar Buzaye. A nan ne kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, yake haƙar gawayin ƙasa yana ƙona shi a injinan da ke ba Agadas da Cirozerin da Arlit wutar lantarki, har da ma'adinan yuraniyom. Yaron da ya tashi a wannan yanki, ko ɗan ma'aikaci ne, ko ɗan mai shago, ko ɗan makiyayin da ke kawo nono da awaki kasuwa, ya buɗe ido ne ya ga masu hular kwano suna shiga mota da safe, ya kuma gane cewa wanda ke ba da umarni a wurin shi ne mai takardar injiniya. Ƙorafin cewa manyan guraben aiki a ma'adinai ba sa zuwa hannun 'yan yankin yana cikin abubuwan da 'yan tawayen arewa suka riƙa ɗagawa a shekarun 1990 da kuma 2007. Saboda haka in ka ga uwa ta sayar da tumakinta ta tura ɗanta karatu, ba wai burgewa take nema ba, kujerar da take gani a ƙofar gidanta take so ɗanta ya hau.

Akwai makarantar ma'adinai ta Ayar a Agadas tun da daɗewa, an kuma kafa Jami'ar Agadas a 2014, amma har yanzu mai neman zurfi sai ya yi nisa: Yamai, wadda tafiyarta ta haura kilomita 900, ko Jami'ar Musulunci ta Say da aka buɗe a 1986, ko kuwa Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Masar da Nijeriya.

Larabci iri-iri ne

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne a ce Balarabe ya je ƙasar Larabawa ya zama baƙo. Iyaye sukan ɗauka tunda yarensa ne, ai kamar ya je gidan kawunsa ne. Ina! Larabcin littafi daban, Larabcin kasuwa daban, kuma kowace ƙasa da nata. Ke da kike sayar da kaya kin san kalmar da ta fi kowace amfani ita ce "nawa ne?" To a Maroko "bishhal" ake cewa, a Masar kuma "bikam". Kalmar "yanzu" a Kasablanka "daba" ce, a Alƙahira "dilwa'ti". Mafi ban dariya ita ce kalmar "aish". Wurin Larabawan Cadi da na sahara tuwo ke nan, a Masar burodi ne, a ƙasashen gabar tekun Fasha kuma shinkafa. Sai yaro ya shiga gidan abinci da yunwar tuwo, a miƙo masa gurasa ɗaya.

Wannan na titi ne. A cikin aji kuma wata sabuwa. A Maroko da Faransanci ake koyar da likitanci da injiniya da yawancin kimiyya. Aljeriya ma haka take, sai dai tun 2023 hukumominta suka fara tura jami'o'i zuwa Ingilishi. A Azhar ta Masar Larabcin littafi ne zalla a fannonin addini, a Kano da Sakkwato da Zariya kuwa Ingilishi. Yaron da ya fito daga makarantar Faransanci da Larabci, irin wadda aka fara a Say tun 1957, yana da ƙafa biyu, sai dai sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, kuma ba lalle ne mai ƙarfin ce ake bukata a inda aka tura shi ba. Abin da ke cetonsa shi ne ya saba da harsuna tun yana ƙarami. A gida Larabci, da maƙwabta Buzanci, a kasuwa Hausa, a lakwal Faransanci. Wanda ya tashi haka kunnensa ba ya da nauyi, kafin shekara ta zagayo za ka ji shi yana ciniki da mai tumatir kamar ɗan gari. Ta wannan fuskar wanda ya zo Kano ya fi kowa sa'a, domin Hausar da ya koya a kasuwar Agadas ita ce fasfonsa a Kurmi da Kwari, ko da za a riƙa yi masa dariyar lafazi.

Shayi, ɗaki da kunya

A sahara shayi ba abin sha ba ne kawai, shi ne zaure. Ana hura gawayi, a ɗora 'yar buta, a yi zubi uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ana juye shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Kafin a gama an ci sa'a guda ko fiye, an ji labarin rijiya da farashin raƙumi, an sasanta masu rigima. A ɗakin kwanan ɗalibai ba a yarda da wutar gawayi ba, kuma ba mai sa'a guda da zai ba ka. Mutanen arewacin Aljeriya gahawa suke sha a tsaye su wuce, Bamisire kuma baƙin shayi ne a kofi ɗaya. Shi ya sa duk inda ɗaliban arewacin Nijar suka haɗu, abin da suke fara haɗa kuɗi su saya shi ne buta da 'yar murhun lantarki. Wanda ya daina zuwa wurin shayin nan, 'yan uwansa sukan gane akwai abin da ke damunsa tun kafin ya faɗa.

Sai ɗaki. Mutumin da ya saba kwana a fili yana kallon taurari, ga shi a bene hawa huɗu, ɗaki ɗaya mutum uku ko huɗu, taga ɗaya. Sanyi ba baƙonsa ba ne, don hunturun Ayar ba wasa ba ne, amma sanyi da ruwan sama a lokaci guda, kamar yadda ake yi a Aljas da Rabat da Tunis daga Nuwamba zuwa Maris, wannan bai taɓa gani ba. Wanda ya gangaro kudu kuma sauro ne ke yi masa maraba, kuma zazzabin cizon sauro ya fi kayar da wanda jikinsa bai saba da shi ba. Gidan sauro a cikin jaka ya fi turare amfani.

Abin da ya fi wahalar gyara shi ne kunya. An yi wa yaro tarbiyyar kada ya kalli babba cikin ido, kada ya ɗaga murya a gabansa, kada ya yi masa musu, wani ma ba ya cin abinci a gaban manya. Mu ma Hausawa mun san wannan. To sai ya shiga jami'a inda malami ke so a yi tambaya, a tashi gaban allo a kare abin da aka rubuta. Yaro ya sunkuyar da kai don ladabi, malami ya ɗauka bai yi karatu ba. Haka kuma karamcin da aka raine shi a kai, cewa ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi kuma ba a cin abinci a ɓoye, shi ne ke cinye kuɗin wata cikin kwana goma. A ganina wannan ne darasin da ya kamata a koya wa yaro tun a gida, domin ba laifi ba ne ya ce wa aboki "yau ba ni da shi".

Ga 'ya mace abin ya ninka. Kafin ma a bar ta ta tafi sai an sha zama da kawunnai da gwaggonni, kuma yawanci sai an samu gidan dangi ko yayan da zai tsaya mata. Shi ya sa sashen mata na Jami'ar Musulunci da ke cikin Yamai ya fi kwantar wa iyaye da yawa hankali.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗa, wato launin fata. A gida ana kiransa Balarabe ko farin mutum. Yana sauka arewacin Afirka sai a ga fasfon Nijar a ce masa "ɗan Afirka", kamar su ba a nahiyar suke ba. Bayan jawabin da shugaban Tunisiya Kais Saied ya yi kan baƙin haure a Fabrairun 2023, an kai wa baƙaƙen fata hare-hare, ɗalibai masu cikakkun takardu suka yi kwanaki a kulle a ɗaki, har ƙasashen Gini da Mali da Kodebuwa suka aika jirage suka kwashe mutanensu.

Kuɗi da takardu

Nan ne maganar ta zo kanku, iyaye 'yan kasuwa. Gwamnati tana da hukumar ba da tallafin karatu, ANAB, Maroko da Aljeriya kuma suna ware gurabe ga 'yan Nijar, amma ƙungiyoyin ɗalibai a waje sun sha kokawa kan jinkirin biya. Mai gidan haya kuwa ba ya jiran gwamnati. Saboda haka jikkunan da uwa ke cirewa daga adashi ko ribar yadi su ne suke riƙe yaro. A cikin Nijar da maƙwabta masu kashe sefa, kamfanonin aika kuɗi sun sauƙaƙa abin. Ƙasashen da ke da nasu kuɗin kuwa, iyalai da yawa ta hannun fatake suke bi, a ba wani a Agadas, ɗan uwansa ya biya a Tamanraset, daga nan kuma a san yadda za a yi ya isa Aljas mai nisan kusan kilomita 2,000. Hanya ce da ta tsaya kan amana kawai, ba rasit.

Shekarar 2023 ta nuna yadda siyasa ke faɗa wa ɗalibi a ka ba tare da ya tsokani kowa ba. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗaliban Jami'ar Afirka ta Khartum da sauran makarantu suka gudo, wasu sun bar takardunsu a baya. Bayan juyin mulkin Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Nijeriya, cire kuɗi a banki ya yi wuya, ba a ɗage ba sai a Fabrairun 2024. Faransa ma ta dakatar da ba da biza a Yamai, waɗanda suka riga suka samu gurbi a can suka rasa shekararsu. Uwar da ta ajiye kwafin takardar haihuwar ɗanta da ta bak da fasfo a cikin akwatinta, ita ce ta fi saurin samo masa wata makarantar.

Kada mu manta hanyar nan ba yau aka fara bin ta ba, kuma ba gefe ɗaya take kallo ba. Shaihu Magili ya taso daga Tuwat ta Aljeriyar yau, ya ratsa Ayar da Takedda, ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, har yau ana danganta Sharifan Kano da shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo shi ma Agadas ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru neman ilimi. Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zauna Dandalin Turawa da Alfindiki sun yi irin wannan kewar abincin gida, sai matansu suka hura wuta. Gurasa da alkakin da matan Kano ke ci da iyalinsu da su a yau, sunayensu ma daga Larabci suka zo.

Ranar da yaro ya dawo hutu, ƙannensa ne suke fara gano canji. Larabcinsa ya ɗauko lafazin Maroko ko na Masar, yana duba agogo ana tsakiyar shayi, naɗin rawaninsa ya yi sako-sako. Kwana uku ana tsokanarsa, na huɗu ya koma yadda yake. Wanda ya gama gaba ɗaya kuma sabon layi ke jiransa: a kai takardarsa Yamai a tantance daidaitonta da ta gida, ya yi bautar ƙasa, sannan ya fara zagayen ofisoshi. Ma'adinin Cominak na Akokan, wanda ya ɗauki ma'aikata da yawa, an rufe shi tun ƙarshen Maris na 2021, Somair ta Arlit kuma gwamnati ta karɓe ta a Yunin 2025. Kafin a kira shi, yawanci a shagon mahaifiyarsa ko na kawunsa za ka same shi, yana rubuta lissafin bashi a littafi, yana amsa wayar masu kawo taliya da madarar gari daga Tamanraset da Larabcin da ya koyo a can.