GIDAN SORI: GWIWAR TIYO, ƘARAMIN KAYA MAI RIƘE DA TSABTAR GIDA

Gidan Sori ɗaya ce daga cikin kwamin biyar na gundumar Gidan Rumji, a jihar Maraɗi. Sauran huɗun su ne Gidan Rumji, Tibiri, Cadakori da Saye Sabuwa. Ƙasa ce ta manoma gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma yawancin gidajenta ginin ƙasa ne. A nan, kamar a manyan garuruwan gundumomin Agiye da Gazawa, wata tambaya ta taso wadda kakanni ba su sha fama da ita ba: ruwan da aka yi wanka da wanki da wanke-wanke da shi, ina zai nufa?

Tun shekarun 1960 ma'aikatar OFEDES ta dinga gina rijiyoyin siminti a karkarar Nijar. Daga 1981 zuwa 1990, shekaru goman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin ruwan sha da tsabta, aka yawaita haƙa rijiyoyin burtsatse. Bayan haka shato ya shiga manyan ƙauyuka, har wasu magidanta suka ja famfo zuwa tsakar gida. Ruwan da aka jawo da guga, da lissafi ake zubar da shi. Na famfo kuwa hannu ba ya jin nauyinsa. Saboda haka ƴar rariyar da aka huda a gindin katanga, wadda dā take wadatar da gida, yanzu ta kasa.

Illar abin a fili take. Ruwan ƙazanta yakan kwanta a lungu, ya zama matattarar sauro da ƙudaje, ya jiƙa gindin katanga har damina ta zo ta ƙarasa ta, ya kuma haddasa husuma tsakanin maƙwabta. Jama'ar jihar Maraɗi ba su manta da annobar zawo da amai ta 2018 ba, wadda ta ɓulla a gundumar Madarunfa cikin watan Yuli, ta kama mutum fiye da 3,000 a ƙasar. Maganin wannan matsala shi ne a ɗauke ruwan cikin tiyo rufaffe, daga makewayi ko wurin wanke-wanke, zuwa rami mai murfi. Tiyo kuwa miƙaƙƙe ne, gida kuma yana da kusurwa. Duk inda hanyar ruwa za ta karkata, sai an saka gwiwa, wadda ake rubuta «coude» a takardun sayen kaya. A wurin nan ne aiki yakan gyaru ko ya ɓaci.

ROBAR DA AKE KIRA PVC

Wani masani Bafaranshe, Henri Victor Regnault, shi ya fara cin karo da wannan roba a 1835, amma sai a shekarun 1930 aka soma yin tiyo da ita a Jamus. Ta samu karɓuwa domin ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, cikinta sumul ne, kuma da ƙaramin zarto ake yanka ta. Tana da maƙiya biyu, dukansu kuwa suna nan ƙasarmu: zafi da rana. Ba a yi ta domin ruwan da zafinsa ya wuce digiri 60 ya daɗe yana bi ta cikinta ba, kuma wajen digiri 80 takan fara laushi. Hasken rana kuma, in ta shekara a cikinsa, yakan kashe mata launi, ta bushe, ta riƙa fashewa da ɗan bugu kaɗan.

Tiyon PVC iri biyu ne. Akwai mai kauri, wanda aka yi domin ruwan famfo mai ƙarfin turi. Akwai kuma na magudana, wanda ruwa ke gangarawa a cikinsa da nauyin kansa. Kowane yana da gwiwoyinsa, kuma ba a gauraya su.

ABU UKU DA ZA A DUBA KAFIN A BIYA KUƊI

Na farko, faɗin baki. A ma'aunin Faransa, wanda yawancin takardun gini na Nijar ke bi, ana sa milimita 32 ga wurin wanke hannu, milimita 40 ga wurin wanka da na wanke-wanke, milimita 100 kuma ga masai mai ruwa. To, kasuwar Maraɗi kasuwa ce ta bakin iyaka: wasu kaya daga Yamai suke zuwa, wasu daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, su kuma da inci ake kiran su. Tiyon da ake ce wa inci 4 galibi milimita 110 ne. Gwiwar 110 za ta yi wa tiyon 100 yawa, gwiwar 100 kuma ba za ta karɓi tiyon 110 ba. Tazarar milimita 10 ce kawai, amma babu gam ɗin da zai cike ta. Dabara mai sauƙi ita ce mai saye ya yanki guntun tiyonsa ya tafi da shi kanti, ya gwada da hannunsa. Gwiwar da ta dace takan shiga da ɗan matsi, ba ta rawa.

Na biyu, karkata. Gwiwoyin magudana da aka fi samu su ne masu digiri 87 da rabi, 67 da rabi, 45, da 30. Dalilin da ya sa ba a cika ta farko ta kai 90 ba shi ne domin tiyon da ke kwance ya samu ɗan gangare, kada ruwa ya tsaya a cikinsa. Ita wannan gwiwa wurinta shi ne inda ruwa ke saukowa daga sama, kamar ƙarƙashin wurin wanke hannu. A cikin ƙasa kuwa, inda tiyo ke kwance, karkata mai kaifi takan karya gudun ruwa, datti ya zauna a kusurwar. Ƙwararrun masu aikin famfo sukan haɗa gwiwa biyu masu digiri 45, da ɗan guntun tiyo a tsakani, sai ruwa ya juya a hankali yana tafe da abin da ya ɗauko. Ƙa'idar ita ce: gwiwa kaɗan, karkata mai laushi.

Na uku, irin bakin. Wata gwiwa bakinta biyu duk masu karɓar tiyo ne, ana ce da ita mace-da-mace. Wata kuma baki ɗaya ke karɓa, ɗayan shi ke shiga, ita ce namiji-da-mace, kuma tana da amfani a wuri matsattse inda ake son gwiwa ta shiga cikin ƴar'uwarta kai tsaye. Akwai kuma masu zoben roba a ciki, waɗanda ba sa bukatar gam.

Ban da waɗannan, a duba jikin kayan. Gwiwar kirki tana ɗauke da lambar faɗinta da ta karkatarta a rubuce, kaurinta daidai yake ko'ina, cikinta babu ƙurji. Wadda ta yi fari-fari don daɗewa a rana bakin kanti, ko wadda take lotsewa in an matsa ta da yatsa, a bar wa mai ita. Araha ba ta ado.

KADA A TANƘWARA DA WUTA

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a wuraren gini: in babu gwiwa a kusa, sai a kunna takardar buhun siminti, a gasa tiyo, a tanƙwara shi, ko a buɗa bakinsa domin wani ya shiga. A ido aikin yakan yi kamar ya yi. Amma bayan tanƙwarar yakan yi siriri, cikinta kuma ya tattare, hanyar ruwa ta ƙuntata. Nan ne toshewa za ta fara, nan ne kuma fashewa za ta biyo baya, a ƙarƙashin daɓen da aka kashe wa kuɗi. Hayaƙin robar da ta ƙone kuma yana da guba mai cin ido da huhu. Kuɗin gwiwa ɗaya bai kai na fasa daɓe da sake shi ba.

YADDA AKE HAƊAWA

Kafin a taɓa gam, a fara da gangare. Tiyon magudana yana son saukar santimita 1 zuwa 3 a kowace mita; santimita 2 ita ce tsaka-tsaki. Ke nan in tsakanin makewayi da rami mita 6 ne, bakin da ke ramin zai fi na makewayin ƙasa da santimita 12. In gangaren ya gaza, ruwa ya kwanta. In ya yi yawa, ruwa ya tsere ya bar datti a baya. Igiya da ma'aunin magina sun isa a daidaita wannan.

Sa'an nan a yanka tiyo a miƙe, a kankare gezar da zarto ya bari, a ɗan fiƙe gefen bakin domin ya shiga ba tare da ya share gam ba. A jera kayan duka a bushe, a tabbata kowace gwiwa ta fuskanci inda ake so, a ja layi da fensir daga jikin tiyo zuwa jikin gwiwa. Wannan layi shi ne jagora, domin gam ɗin PVC narkar da fatar robar yake yi har biyun su zama abu ɗaya. In ya kama, sai zarto. A kula kuma bakin da ke karɓa ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, mai shiga ya bi inda ruwa ke tafiya, don kada ruwa ya riƙa karo da gaɓa.

Daga nan a goge wuraren haɗin da takardar yashi sama-sama, a share ƙura da tsumma mai tsabta, a tabbata babu laima. A shafa gam kaɗan a cikin gwiwa, a shafa isasshe a bayan tiyo, a tura da sauri har ƙarshe bisa layin fensir, a riƙe kamar rabin minti, a share abin da ya tsattsafo. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a jihar Maraɗi, gam yakan bushe tun ba a gama shafawa ba. Saboda haka aikin safe ne ko na inuwa. A bar shi aƙalla awa ɗaya kafin a zuba ruwa, in da hali a bari ya kwana. Gam yana kama wuta, warinsa kuma yana hawa kai: a nisanta shi da murhu da yara. Gwiwa mai zoben roba kuwa, da ruwan sabulu ake shafa ta, ba da man inji ba, domin mai yana cin zoben.

Roba tana miƙewa da zafi. Tiyo mai mita 4 yakan ƙaru da kusan milimita 8 in zafi ya hau da digiri 30. Don haka wanda ke bin jikin bango a ɗaure shi da maɗauri mai ɗan sassauci, a kuma shafa masa fenti ko a rufe shi daga rana. Wanda za a binne, a shimfiɗa masa yashi mai laushi kamar santimita 10 a ƙasa, a rufe shi da wani yashin kafin a mayar da ƙasa. Inda amalanke ke wucewa a ƙara zurfi. Kafin a rufe ramin, a kwarara bokiti biyu ko uku, a bi kowace gwiwa da ido da hannu.

TOKA, YASHI DA MAI

A gidajenmu da toka da yashi ake goge tukunya, su kuwa ba sa narkewa. Gwiwar farko da suka tarar, nan suke zama. Mai da sauran miya su daskare a kansu, tiyo ya toshe. Maganin abin shi ne a gina ɗan akwatin siminti mai raga a wurin wanke-wanke, inda yashi zai kwanta a riƙa kwashewa, a kuma bar tafasasshen ruwa ya huce kafin a zuba. A duk babbar kusurwa ta cikin ƙasa a gina akwatin dubawa mai murfi. Ƙarƙashin wurin wanka da na wanke hannu a sa lanƙwasar nan mai riƙe ruwa kamar santimita 5, wadda ke tare wari da kyankyasai.

Wuri ɗaya ne ba a son gwiwa ko kaɗan: tiyon shan iska na salga, irin wadda Peter Morgan ya ƙirƙiro a ƙasar Zimbabuwe cikin shekarun 1970. Shi a miƙe ake tsayar da shi, ya zarce rufi da santimita 50, da raga a bakinsa. In aka karkata shi, iska ba za ta ja wari ba, ƙudaje kuma ba za su hango hasken da ke jan su zuwa ragar ba.

Ramin da ruwan zai faɗa a cika shi da duwatsu, a rufe, a kuma nisanta shi da rijiya da aƙalla mita 15; mita 30 ta fi kwanciyar hankali. Wannan gargaɗi ya fi shafar garuruwan da ke bakin fadamar Gulbin Maraɗi, inda ruwan ƙasa yake kusa. A jigawa ƙasa tana shan ruwa da sauri, amma bakin rami yakan zube in ba a ɗaure shi ba. Ruwan indararo kuwa a ba shi hanyarsa dabam, domin ruwan sama ɗaya ya isa ya cika ramin ya maido da ƙazanta tsakar gida.

KIRA GA MA'AIKATA DA MAGIDANTA

Tun 1993 Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a, shirin PROSEHA kuma, wanda aka tsara domin shekarun 2016 zuwa 2030, ya sa gaba kowane ɗan ƙasa ya samu ruwa mai kyau da makewayi mai tsabta. Cikar wannan buri tana rataye da ƙananan abubuwa irin waɗanda aka zana a sama. Ya kamata hukumomin kwamin da masu kula da ginin makarantu da gidajen likita su rubuta faɗin tiyo da karkatar gwiwa a cikin takardar kwangila, kada kuma su sa hannu a kan karɓar aiki sai an gwada shi da ruwa a gabansu, rami yana buɗe. Magidancin da ya yi yaƙi da jahilci kuwa, lambobin da ke jikin gwiwa ba za su gagare shi karantawa ba. Ya karanta su a kanti, ya kuma tsaya a kan mai aiki har a gama. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.