Ta'aliƙi: inda ƙaddara take zama hujja da inda ba ta zama

Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah Ya datar da mu da kai, kalmar "uzuri" da ta zo a wannan shafi kashi biyu ce. Akwai uzurin da shari'a ta karɓa, kamar ciwo da tafiya da tilas. Akwai kuma wanda rai ke ƙagowa don ya tsere wa zargi, shi ne abin nufi a nan.

Ƙa'idar malamai ita ce: ana kafa hujja da ƙaddara a kan masifar da ta sauka, ba a kan laifin da bawa ya aikata ba. Jabariyya sun ce bawa ba shi da zaɓi. Malamanmu Ash'arawa suka ce Allah ne Mai halittar aiki, bawa kuwa yana da kasabi, a kansa ake masa hisabi.

Dubi yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira. Mutum tamanin da 'yan kai suka kawo uzuri da rantsuwa, aka karɓi zahirinsu. Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, ya ce ba shi da uzuri ko ɗaya. Aka ƙaurace masa dare hamsin, sannan karɓar tubarsa ta sauka a Suratut Tauba, aya ta 118. Masu rantsuwar kuwa, surar nan ce ta tona su.

Idan ka ce, to fari da yunwa fa? Sai mu ce: ɗaukewar ruwa hukuncin Allah ne, kamar yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Amma cika rumbu a shekarar yalwa aikin bawa ne, shi ne shawarar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ga sarkin Masar. Haka Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tarar da ƙasarsa tana kai gaisuwa Barno, maƙwabta na barazana. Ya gina ganuwar Birni, ya sa maƙera suka ƙera manyan bindigogi.

Kai ma, almajirin Zarmu ko na Zango, in allonka ya kwana ba wanki, tambayi kanka: zazzaɓi ne ya kwantar da kai, ko hira ce ta cinye daren? In na farko ne, yi haƙuri, kana da lada. In na biyu ne, amsa laifinka gaban malam, ka yi istigfari, ka koma bakin wuta da allonka. Wallahu a'alamu.